Sarkin Tasha da Tulun Irin Mama

Inna Kubra,

Ki taimake ni, kuma ki yi ƙoƙari amsarki ta fito kafin Asabar ta ƙarshe ta wannan wata na Mayu, don bayan ranar ko kin ba ni shawarar da ta fi zuma ba ta da sauran amfani. Ina rubuta miki ne ina dariya. Yau kwana shida da na ci nasarar da ban taɓa cin irinta ba tun da na zo duniya, amma ba ni da bakin faɗa wa kowa, domin duk wanda ya ji labarin nasarar sai ya tambayi yadda aka yi, a nan kuwa asirina zai tonu. Don Allah ki ɓoye sunana.

Ni tela ce a Kafanchan. Shekarata goma sha tara da aure, 'yarmu ɗaya, Regina, tana makarantar kwana a Zonkwa. Babanta malamin lissafi ne a sakandare, mutumin kirki, sai dai in ya ce abu kaza ne, ko fasto bai isa ya sa shi ya sauya ba. Kekena na ɗinki yana bakin tagar baya, wadda ke kallon ɗan filin da nake shuka alayyafo a da, kafin in gaji in bari.

A watan Oktoban bara uwar mijina, wadda muke kira Mama, ta zo daga ƙauyensu kusa da Nok don a cire mata yanar ido. Ta zo da buhun acca mai ƙaiƙayi na ci, da kuma wani tsohon tulu da aka rufe bakinsa da ƙoƙo aka ɗaure da tsumma. Gara ta ci mata rumbu, shi ya sa ta taho da tulun. Irin acca ne a ciki, cike har wuya, mai ɗan jan ƙaiƙayi, wadda Baban Regina kullum yake cika baki da ita, wai tasu ce ke riga ta kowa nuna a watan Agusta, lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa. Ya kamata ki san yadda muke da Mama. Ba ma faɗa, amma ni 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a kwatas na girma, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba, ita kuwa shekara goma sha tara tana kirana matar keke. In ta ce haka mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma yana yi mini ciwo.

To, ina surfa accar nan a bayan gida don in yi wa Mama fate, ina sheƙewa, sai ga baƙi. Da farko kurciyoyi ne, su kowa ya san su. Bayansu sai wasu 'yan mitsi-mitsi masu shuɗin ƙirji, shuɗin da na yi shekara ashirin ina nema a kantin yadi ban samu ba, namijin da ɗan jan ɗigo a kumatu. Na tsaya da faifai a hannu har ruwan faten da na ɗora ya kusa ƙonewa. Washegari na kafa tsohon faranti a kan kututturen gwaiba, na ajiye kaskon ruwa a gindinsa. Ban da na farantin, nakan miƙa hannu ta taga in watsa tafi ɗaya ko biyu a tsohon fegin alayyafo don masu kunyar hawa.

Inna, ban san haka duniya take a bayan gidana ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bakin tagar nan, abin da na sani kawai tsuntsu tsuntsu ne. Sai na shiga rubuta su a bayan littafin awon masu kawo ɗinki, kowane da kalar rigarsa da lokacin zuwansa. Wanda ban san sunansa ba sai in kai ƙara wurin Malam Jamiluddeen, wani dattijo mai awon hatsi a kasuwa, wanda tun kakansa suke rumfar. In kwatanta masa tsuntsu yadda mata ke kwatanta mini ɗinki, wuya kaza, hannu kaza, shi kuma ya rufe ido ya faɗi suna. A wurinsa na ji masu shuɗin ƙirjin nan asisi ne. Siririyar kurciyar nan mai dogon bindi da baƙar fuska bardo ce. Mai rawayar riga da baƙar hula, wanda ba ya iya cin abinci bai yi surutu ba, marai ne. Akwai wasu ƙanana masu baƙin kai da suke zuwa su ashirin su jeru a kan igiyar shanya kafaɗa da kafaɗa, su ban ma tambaye shi ba, na sa musu 'yan kwaya, wato mawaƙan coci. Asisi suna zuwa da sassafe, 'yan kwaya bayan ƙararrawar makaranta, bardo sai an kira azahar. Ana cikin rububin ɗinkin Kirsimeti cilakowa ta sauka a kan gwandarmu, ina kallonta na ɗinke wa wata mata hannun riga ciki a waje, na ce mata sabon yayi ne daga Jos.

Amma wanda ya jefa ni cikin wannan hali daban yake. Tun makon farko ya zo, baƙi da fari tas, baki ja wur, jikinsa bai kai babban yatsana biyu ba, amma yana jan bindi da ya ninka shi sau biyu. Malam Jamiluddeen ya ce zalaidu ke nan. Ni kuwa na sa masa Sarkin Tasha, don yakan iso ne daidai lokacin da jirgin safe ya yi kuka, kuma da isowarsa sai ya hau korar kowa. Kurciyar da ta yi biyar ɗinsa sai ya fatattake ta. Ya kori wannan, ya bi wancan, accar faranti tana ta fantsama ƙasa, shi kansa bai ci ba bai bar wani ya ci ba. Na ƙare masa kallo na ga ƙafarsa ta hagu ba ta da yatsa ɗaya.

Kafin Kirsimeti sai ya ɓace. Na yi ta jimami kamar an yi mini rashi. Sai na lura da wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da zane-zane a ka, ba bindi ba kwalliya, irin wanda ba za ki kalla sau biyu ba. Jirgin safe ya yi kuka, sai ga shi. Ya sauka, ya hau korar kurciya. Na leƙa da kyau, baki ja, ƙafar hagu ba yatsa ɗaya. Na bar keke na ruga falo da almakashi a hannu na ce wa Baban Regina Sarkin Tasha bai mutu ba, kaya ya tuɓe. Ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Maman Regina, ɗaya da ɗaya biyu ne." Wai tarkon yara ya cire wa tsuntsaye ɗari yatsa a garin nan, kuma bai taɓa jin inda tsuntsu ya cire bindi ya rataye a ƙusa ba. Na ce ni tela ce, na san mutum ko ya sauya riga. Muka yi ta yi har muka ƙulla. In damina ta zo mai ruwan ƙasan nan bai zama zalaidu ba, zan ɗauke keke daga bakin taga in mai da shi shagon gaba, yadda ya daɗe yana so. In kuwa ya zama, zai sa rigar da zan ɗinka masa da ragowar ƙyallaye, ya je da ita sujadar Lahadi, ya zauna a bencin gaba. Ba caca ba ce, Inna, ko sisi ba a sa ba.

A makon da muka ƙulla ne idon Mama ya warke ta shirya komawa. Na ɗauko mata tulun, sai ta ce in mayar, ba a gyara rumbu ba tukuna. Ta dafa shi ta ce da irin Hausarta ta ƙauye, "Wannan iri, uwar mijina ya ba ni. Ba a saya shi, ba a ara shi. Ki riƙe mini, 'yata, ruwa ya sauka zan zo." 'Yata ta ce, Inna. Ban taɓa ji daga bakinta ba sai ranar. Na raka ta tasha, na dawo na shiga ɗakin ajiya na yi kuka a kan tulun nan, na ɗora shi a kan bulo don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

Yanzu ga inda na ɓata rawata da tsalle. Dole mai ruwan ƙasan nan ya ci gaba da zuwa har damina, in ba haka ba da me zan kafa hujja? Buhun accar ci kuwa ya ƙare ana saura mako uku Ista. Na zuba gero, na zuba tsakin masara. Kurciyoyi suka yi ta godiya, Sarkin Tasha ya zo ya tsattsaga ya tashi. Na san za ki ce me ya hana ni zuwa kasuwa. Na je, amma a lokacin surfaffiya ce kawai, fara ƙal, na zuba tururuwa suka kwashe. Kwana huɗu jirgi yana kuka ba Sarkin Tasha. Baban Regina har ya fara auna ƙofar shagon gaba da ido yana murmushi. A rana ta biyar na shiga ɗakin ajiya na kwance tsumman nan. Na ce tafi ɗaya ne, tulu ba zai ma sani ba. Na watsa, ban kai ga zama a kan keke ba sai ga shi ya dira.

Ba zan yi miki ƙarya in ce kuskure ne ba. Na san abin da ke cikin tulun, na san abin da aka ce mini a kansa. Kullum da safe sai in ce yau ne na ƙarshe. Tafi ɗaya ya zama biyu, don 'yan kwaya sun ji labari sun gayyato dangi. A da ina taɓa acca da 'yan yatsu daga bakin tulu. Yau sai hannuna ya shige har gwiwa.

Amma Inna, ya sauya! Bayan ruwan farko na ga baƙaƙen ɗigo sun fito masa a ka da baya, kamar wanda tawada ta fallatsa wa. Ya yi muni ƙwarai, har na ji tausayinsa. Sai cikin ya fara fari. Sai ga wasu siraran gashi huɗu sun leƙo ta baya, kullum ina auna su da ido, inci ɗaya, inci biyu. Ranar Talatar da ta wuce jirgi ya yi kuka, ya sauka a bakin faranti baƙi da fari, bindi ya kai inci biyar, ƙafar hagu ba yatsa ɗaya. Ya tashi sama ya tsaya a iska a kan wata mace yana rawa, bindin yana lilo. Ni ma na tashi na yi rawa, ni kaɗai a ɗakin ɗinki, mace mai shekara arba'in da ɗaya, da tef a wuya. Rigar Baban Regina tuni na gama ta, ƙyalle goma sha bakwai, har da na anko ɗin zumuntar mata, na kuma yi mata ɗan bindi a baya. Tana ƙarƙashin kayan mutane, nakan ɗaga in leƙa ta in yi ta dariya.

Sai dai ba dama in kira shi ya gani. Mutumin lissafi ne. Shi da kansa yake ƙorafin rabonsa da faten acca tun kafin Ista, da ya ga ƙaiƙayi a faranti zai tambayi inda na samo. Saboda haka da safe nakan tsare taga da jikina har ya fita. Shi kuwa ya ɗauka kunyar faɗuwa nake ji, har lallashina yake yi, yana cewa shagon gaba ma akwai iska.

Shekaranjiya direban bas na Nok ya kawo saƙo, Mama ta ce ta gyara gona, za ta zo ɗaukar iri Asabar ta ƙarshen wata. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Na ruga wurin Malam Jamiluddeen, don yanzu da shuka ta matso an fara kawo mai ƙaiƙayi. Ban faɗa masa dalili ba. Ya ce, "Madam, acca sunanta ne ɗaya. Wacce kike so, mai saurin nuna ko mai jinkiri?" Ya nuna mini kala uku, babu mai jan ta Mama, amma ɗaya ta ɗan yi kusa. Tunanina shi ne in juye sauran ta Mama, in cika tulun da ta kasuwa, in mai da tata a sama. Ko kuma in ce ɓeraye ne, ko da yake ɓeran da zai kwance tsumma ya mayar ya ɗaure sai an tona. Ina ta gyaran gida dai kafin ta zo. Wata siririyar ciyawa ta fito kore shar ta rufe tsohon fegin alayyafo da gindin faranti, wajen faɗin tabarma huɗu, ita ma zan ari fartanya in kankare ta, don Mama ba ta son ganin ciyawa a gida, kada laifina ya zama biyu.

Inna, ba na so in rasa kalmar nan da na jira shekara goma sha tara kafin in ji. Ba na kuma jin zan iya rufe taga. Gaskiyar magana, yau da safe ma na ɗiba. Me zan yi?

Mai Faranti,
Kafanchan


Mai Faranti,

Na ɓoye sunanki kamar yadda kika roƙa, ko da yake ban san tela nawa ne a Kafanchan suke da zalaidu mai yatsa uku da miji malamin lissafi ba. Na yi dariya da wasiƙarki har abokan aiki suka leƙo. Amma kafin ki karanta layi na gaba, tashi ki ɗaure bakin tulun nan, ki sa mijinki ya ɗora shi inda sai da tsani. Kin riga kin ci gardama, Sarkin Tasha ba ya bin ki ko ƙwaya ɗaya.

Abu na biyu, kuma shi ya fi gaggawa, kada ki ari fartanyar nan. Na yi shekara shida ina koyarwa a Kachia, na ga yadda ake shuka acca. Ba a yi mata rami. Watsa ta ake yi da hannu a kan ƙasa mai laushi, ruwa ya danne ta. Ke kuwa tun kafin Ista kike miƙa hannu ta taga kina watsa irin Mama a tsohon fegi, Sarkin Tasha yana taya ki fantsamawa, kuma ba duka tsuntsaye suka tsince ba. Ba zan rantse ba tunda ban gani da idona ba, amma ina kyautata zaton siririyar ciyawar da kike shirin kankarewa accar Mama ce ta tsiro. Ki kewaye ta da kara ko ƙaya saboda kaji da awaki, ki ɗauke farantin ki kai can gefe.

Yanzu maganar tulu. Ba zan rage miki laifi ba, ke ma ba ki rage wa kanki ba, kuma na yaba da hakan. Amana aka ba ki kika taɓa, ba sau ɗaya ba. Ga Mama wannan ba hatsi ba ne kawai. Shi ne abin da ke ciyar da gidanta a watan da maƙwabta ke ƙirga loma, kuma hannun wata mata da ta riga mu gidan gaskiya yana cikinsa. Bana gonarta za ta ragu, wannan hasara ce ta gaske, kuma ku ne za ku cike mata abincin Agusta, ke da mijinki, ba tare da ta buɗe baki ta nema ba. A ɗaya gefen, ban ga aibu a kallon tsuntsaye ba. Allah ya ba ki ido mai lura, kin gane abin da mai digiri ya musa, kin kuma sami farin ciki a bayan gidanki. Wannan ba abin da za a rufe wa taga ba ne. Abincinsu kawai za ki sauya.

Dabarar cika tulu da accar kasuwa ki bar ta tun yanzu. Matar da aka cire wa yanar ido, wadda ta yi shekara hamsin tana murza irin nan a tafin hannu, ba za ki ruɗe ta ba. In ma kin ruɗe ta, abin ya fi muni. Za ta watsa su tare, wata ta nuna a Agusta wata a Oktoba, a girbe a gauraye, daga nan irin uwar mijinta ya ɓace har abada. Tsuntsaye sun rage tulun ne kawai, saura yana nan tsantsarsa, kuma acca 'yar albarka ce, kaɗan takan haifi mai yawa. Abin da tsuntsu bai iya ɓatawa ba, kada ke ki ɓata shi don gudun kunyar yini ɗaya. Dattijon nan mai awo ya gane inda kika dosa, shi ya sa ya yi miki tambayar da ya yi. Ɓeraye kuma ki ƙyale su da nasu laifin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ki fara da mijinki. Gobe in jirgin safe ya yi kuka, ki matsa daga bakin taga ki kira shi. Ki bar shi ya ƙare wa ƙafar hagun nan kallo, sa'an nan ki kai shi ɗakin ajiya tun bai tambaya ba. Zai yi fushi, uwarsa ce, ki bar shi ya yi. Bayan haka kada ki jira Asabar Mama ta zo ta tarar. Ki shiga bas ɗin Nok da tulun a cinyarki, ki durƙusa ki faɗa mata da bakinki, ba ta bakin ɗanta ba. Ki faɗi yadda kika faɗa mini, har da cewa kin san abin da ke ciki. Kada ki yi dariya a wurin bindi, ko da ta taso miki. Mai yiwuwa ta kira ki matar keke, mai yiwuwa ta juya miki baya, wanda ya fi zafi. Ba zan yi miki alkawarin za ta sake cewa 'yata a ranar ba. In ta huce, ki roƙe ta ta biyo ki Kafanchan ta duba miki wata ciyawa. Ke kin san tsuntsu ko ya sauya riga, ita ma ta san accarta tun tana kwana bakwai. Ki bar ta ta faɗi sunan da kanta, ki kuma roƙe ta ta nuna miki yadda ake cire ciyawar gaske daga ciki.

In hasashena ya yi daidai, aiki yana gabanki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar da accar nan ta fara nuna, duk baƙin da kika gayyata za su dawo da danginsu, ke ce kuma za ki tsare ta. A nan littafinki zai yi rana. Babu manomi a ƙasar su Mama da ya san ƙarfe nawa asisi ke zuwa, ƙarfe nawa 'yan kwaya, kamar ke. Ki cika musu faranti da gero a can nesa, ki zauna a bakin taga da gwangwani da tsakuwa. Mijinki ya faɗi gardama, saboda haka ya sa rigarsa ya zauna a bencin gaba, alkawari kaya ne. In an taso daga sujada ki karɓe ta ki rataya a kan sanda a tsakiyar fegin, don ban ga tsuntsun da zai tunkari ƙyalle goma sha bakwai ba.

Tabarma huɗu ba gona ba ce, watakila abin da za ki samu ba zai wuce cikin ƙwarya ba. Amma ki yanka da hannunki, ki sussuka, ki kai wa Mama ki zuba a tulun nan tana kallo. Irin da ba a saya ba, ba a ara ba, ta ce. Wannan ba ki saya ba, ba ki ara ba, a bayan gidanki ya fito, kuma matar keke ce ta noma shi.

Allah ya sanyaya zuciyar Mama, ya ba ku damina mai albarka, Sarkin Tasha kuwa Allah ya koya masa cin gero.

Taku,
Inna Kubra